Zumunci a Bakin Kanal: Nasiha ga Matasan Kura da Bunkure

Ƙannena samari da 'yan matan Kura da Bunkure da Garun Malam, ku da kuka buɗe ido kuka tarar da ruwa yana gudu a bayan gari ko da tsakiyar bazara ne, ina so mu yi magana a kan zamanmu na waje: yadda muke haɗuwa a fili, a gona, a bakin ruwa da gindin bishiya, da abin da zai same mu in wannan haɗuwa ta ci gaba da ja da baya.

Kafin ruwan Tiga ya iso, shekara kashi biyu ce a ƙasar nan. Damina ta gona ce, rani na jama'a. Da an girbe gero da dawa an zuba a rumbu, an cire gyaɗa, sai gari ya sami sararin kansa. A lokacin ake kalankuwa, a lokacin ake yawancin aure. 'Yan kokawar wannan gari su ɗauki makaɗansu su tafi wancan, mahauta su kafa dambe, mafarauta su yi gangami su shiga daji da karnukansu. In farin wata ya fito, 'yan mata na gaɗa a dandali, samari na langa a gefe, ƙanana sun kewaye wata tsohuwa tana yi musu tatsuniya. Sana'a ma a waje ake yin ta. Kura ta yi suna da rini tun kafin zuwan Turawa, baƙin yadinta mai sheƙi wanda ake bugawa da shuni har cikin Sahara Buzaye suke naɗa shi. Da ma a tarihin Hausa Bakwai, Kano da Rano ake kira sarakunan baba, wato shuni. Marina a bakin karofi, masaƙa a inuwar bishiya, mabuga a rumfarsu, hannu na aiki baki na hira, duk yaron da ya gifta kuwa an san ɗan wane ne.

Kada ku ɗauka kukan wancan zamani nake yi. Rani na da can yana da yunwarsa. Magidanta da yawa kan bar iyali su tafi cin rani birni ko kurmi, ba sa dawowa sai an ga hadari. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi, ya tayar da garuruwa a ƙasar Hausa da Nijar. A cikin waɗannan shekaru ne gwamnatin Audu Bako take gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano. An fara a 1971 aka gama a 1974, bango mai tsawon kusan kilomita 6, wanda aka tsara ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Aka yi gonar gwaji a Kadawa, sannan a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ban-ruwan ya koma hannunta. Kashi na farko an tsara shi ne a kan hekta 22,000. Abin da ya fi burge ni a aikin har gobe shi ne babu injin da ke turo ruwan. Tiga ta fi mu tudu, saboda haka da kansa yake gangarowa, ya biyo babban kanal, ya rabu reshen yamma da na gabas, ya shiga ƙananan hanyoyi har ya iso fangalinka. Mu da muke tafiya cin rani, sai ga shi wurinmu ake zuwa. Ku tsaya a Kwanar Gafan lokacin tumatir ku ga motocin da ke lodi zuwa Legas, ku leƙa kasuwar albasa ta Gundutse ko masu masara a Karfi, ku saurari ƙarar injinan casar shinkafa a Kura. Wannan ni'ima ce, wanda bai gode wa Allah a kanta ba ya yi butulci.

Sai dai ku dubi shekarar manomin yanzu. Shinkafar damina tana gona daga Yuni har Oktoba ko Nuwamba. Kafin a gama bugunta an fara gyaran wurin alkama, don alkama sai da sanyin hunturu, in ka wuce tsakiyar Disamba ka makara. Ga rainon irin tumatir da albasa, ga dashe, ga feshi, ga ban-ruwa duk mako. Ana tsinkar tumatir ana shuka masarar bazara, wasu kuma su sake zuba shinkafa. Kafin ka juya hadari ya haɗu. Sararin nan da kakanninmu suke taruwa a cikinsa ruwa ya cinye shi, ba tare da kowa ya yi niyyar hakan ba. Gayya ta koma ƙwadago, domin wanda tumatirinsa ya nuna yau ba zai jira ranar da abokai suka sami sukuni ba, kuɗi zai biya. Gandu ya watse, kowane ɗa da 'yar gonarsa da lissafinsa. Ɗan lokacin da ya rage da daddare kuwa waya ta karɓe. Sai ka ga samari shida a benci ɗaya a teburin mai shayi, kowa ya sunkuya, ba mai ce wa wani ƙala.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai zamani ne, kowa ya ji da kansa. A wani wurin wataƙila a iya zama haka. A nan ba za a iya ba, saboda ruwan da muke ci da shi ba ya zuwa wa mutum shi kaɗai. Manomin damina tsakaninsa da Ubangijinsa ne, maƙwabcinsa ba shi da ikon tare masa girgije. Manomin kanal kuwa, kafin ruwa ya iso gare shi sai ya ratsa ta gonakin mutane da dama, kowannensu kuma yana iya tare shi da buhun yashi biyu.

Na taɓa ganin yadda irin wannan ta ƙare a wani sashe. Wani dattijo ne mai gona a can ƙarshen layi. Ranar ruwansa ce, ya fito da tocila da fartanya, ya zauna a bakin fangali yana jira har bayan isha'i. Tumatirinsa ya fara fure, ganyen duk ya langwaɓe. Wasu samari uku suka biyo ta wurin za su gida.

"Sannu da aiki, Kawu. Har yanzu bai iso ba?"

"Ina fa, 'ya'yana. Tun la'asar aka ce an saki, ko ɗigo ban gani ba."

Suka karɓi tocilar suka bi hanyar ruwan sama. Ba su yi nisa ba suka tarar an toshe ta da buhuna da ciyawa, ruwan duk ya karkata cikin wata gonar albasa wadda ta riga ta sha har tana malala. Mai gonar na tsaye da adda a hannu, da ganinsa ka san ya shirya wa duk wanda zai zo. Da hasken ya sauka a fuskarsa sai ɗayansu ya gane shi, tare suke buga ƙwallo a filin makaranta, shi ne mai tsaron ragarsu.

"Haba Yaya, ashe kai ne? Tumatirin Kawu ne fa ke ƙonewa a ƙasa."

Ya ɗan yi shiru, ya ce shi ma makon jiya haka aka yi masa daga sama. Sannan ya ajiye addar, ya sunkuya ya janye buhun farko da hannunsa, su kuma suka janye sauran. Ba a je wurin dagaci ba, ba wanda ya ɗaga murya. Da baƙin fuskoki ya gani a daren nan, Allah kaɗai ya san inda za a kwana. Kunya ce ta saki ruwan, ita kuwa ba ta aiki sai tsakanin waɗanda suka san juna. Wannan sanin juna a waje ake samun sa, a wurin wasa da wurin aiki, a zaman makoki da ɗaurin aure. Shi ya sa nake ce muku a ƙasar ban-ruwa zaman tare yana cikin jarin noma, daidai da iri da taki.

Addininmu bai bar wannan magana ba. Ya zo a hadisi cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawar kiwo da wuta. Lokacin da Zubairu ɗan Awwam ya sami saɓani da wani mutumin Madina a kan ruwan da suke shayar da dabino, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya shayar da gonarsa sannan ya saki ruwan ya wuce ga maƙwabcinsa. A wani hukuncin kuma an iyakance wa na sama ya riƙe ruwa zuwa idon sawu, daga nan ya sakar wa na ƙasa. Na sama yana da haƙƙin fara sha, amma ba shi da haƙƙin hanawa. Ku tambayi malamanku, za su faɗaɗa muku.

To, abin da nake roƙonku shi ne ku dawo da gayya, ku kai ta inda aka fi bukatarta yanzu, wato yashe hanyar ruwa. Babban kanal na hukuma ne, amma ƙananan da ke shiga gonaki namu ne, kuma su ne ke cikewa da laka da kacala, har ruwan da ya kamata ya iso kafin hantsi ya yini a hanya. Wanda bai taɓa shiga irin wannan aiki ba an bar shi a baya. Da sanyin safiya ake farawa. Masu adda da lauje a gaba suna sare ciyawa, masu shebur a baya, laka har gwiwa, suna jefa ta gefe, yara na biye suna wawason tarwaɗar da ta maƙale a taɓo. Can wajen hantsi a kawo kunu da ƙosai daga gidajen masu gonakin layin, a zauna a gefen hanya a sha da ludayi ɗaya. Ɗan mai hekta biyar da ɗan mai fangali goma duk kamanninsu ɗaya, ba ka gane kowa sai ta murya. In akwai mai ganga ku kira shi, kakanninku ba sa gayya ba kiɗa, kuma sun san dalili. Aikin da zai ci wa mutum ɗaya makonni, kafin azahar kun gama shi. Yaron da ya yashe hanya da hannunsa kuwa, ba zai ga ana zuba mata shara ko ana fasa gefenta ya kau da kai ya wuce ba.

Ku kuma shiga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Tun da aka kawo shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 aka gyara hanyoyin ruwa da dama da shi, an ƙara ɗora wa waɗannan ƙungiyoyi nauyin rabon ruwa da karɓar kuɗinsa da kula da ƙananan hanyoyi. Kada ku bar wa masu furfura su kaɗai. Ku je, ku zauna daga baya, ku saurara. Wanda ya iya rubutu ya karɓi littafin, ya riƙa rubuta ranar ruwan kowa da abin da kowa ya biya, a karanta a bainar jama'a. A nan ma waya za ta yi rana: a sanar da ranar sakin ruwa, a sanar in an ga tsutsa. Waɗanda suka yi noman tumatir a 2016, shekarar da masana'antar tumatir ta Ɗangote ta fara aiki a Kadawa, ba za su manta da tsutsar sharon ba, yadda ta riƙa cinye gona cikin 'yan kwanaki ta tsallaka ta gaba. Tsuntsun jan-baki ma haka. In kowa ya shuka shinkafa lokacin da ya ga dama, wanda tasa ta riga nuna shi kaɗai zai ciyar da tsuntsayen. In layi ya shuka tare, ɓarnar ta rarrabu, kowa ya ɗauki kaɗan.

Kada ku zaci wannan hali ne na waɗanda ba su waye ba. Akwai wani ɗan gari a kan tsaunukan Suwizalan mai suna Torbel, mutanensa wajen 600 ne lokacin da masana suka yi nazarinsa. A 1483 mutanen garin suka rubuta yarjejeniyar yadda za su riƙa amfani da wurin kiwonsu na kan dutse da dajinsu. A 1517 suka ƙara doka cewa kada kowa ya kai shanu wurin kiwon gari fiye da adadin da zai iya ciyarwa a gidansa lokacin sanyi. Duk shekara suna taruwa su zaɓi masu kula, su ci tarar wanda ya karya doka, su fita tare gyaran hanyoyi da magudanan da ke kawo wa gonakinsu ruwa daga kan dutse. Ɗaruruwan shekaru wurin kiwon bai lalace ba. Baturen da ya yi wannan nazari, Robert Netting, a nan Nijeriya ya fara, cikin Kofyar na tsaunukan Filato, inda ya ga irin tasu gayyar. Daga baya Elinor Ostrom ta kafa hujja da labarin Torbel da makamantansa cewa jama'a suna iya riƙe dukiyar tarayya da kansu, matuƙar sun san juna kuma suna da dokar da suka yarda da ita. Aikin ne ya kai ta ga lambar Nobel a 2009. Mutanen dutse sun gane haka da wuri ne saboda wuri ya matse su, hanya ɗaya, maɓuɓɓuga ɗaya, ba inda za ka kauce wa ɗan'uwanka. Mu ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, amma tun da kanal ya zo, matsin da ya same su ya same mu.

Tun da zancen dutse ya shigo, mutum nawa ne a cikinku ya taɓa bin ruwan nan ya ga inda ya fito? Gani ya kori ji. Ku haɗa kuɗin mai, ku ware rana guda. Ku fara daga bakin gonarku, ku bi hanyar har ƙofar da ake buɗe muku ruwa, ku ga tafkunan da ake tara shi da dare don a sake shi da safe, ku wuce Ruwan Kanya, ku isa Tiga. In a ƙarshen bazara kuka je, ku dubi shaidar da ruwa ya bari a jikin duwatsu, ku ga nisan da ya ja baya. A nan ne mutum yake yarda cewa abin nan yana da iyaka. Ku tambayi manya labarin fashewar madatsar Bagauda a 1988, don ku san bangon da ke riƙe da arzikinmu hannu ne ya gina shi, kuma sai da kulawa yake tsayawa.

Bayan Tiga akwai dajin Falgore, wanda kogin ya ratso ta cikinsa, gaba da shi kuma ƙasar Doguwa da Riruwai. Riruwai gari ne na cikin duwatsu a can ƙarshen kudancin jihar Kano, iskarsa ta fi tamu sanyi, ruwan samansa ya fi namu yawa. An haƙi kuza a can tun zamanin Turawa, har yau ga ramukan nan, kuma haƙar ta tara ƙabilu iri-iri a wuri ɗaya. Ruwan da ke sauka a kan waɗancan tuddai yana cikin abin da ke cika Tiga. Duk bishiyar da aka sare a can aka yi gawayi, ƙasar da saiwarta take riƙe da ita damina za ta kwaso ta zube cikin madatsa, ta rage wurin ruwa. Gawayin kuwa har da mu a masu sayensa. Falgore ta sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, saboda haka kada ku bi ta nan sai da rana, da izinin iyaye, da rakiyar wanda ya san wurin, kuma bayan kun tambayi halin da hanya take ciki.

Wanda bai iya wannan tafiya ba, ga Rano nan kusa, garin Autan Bawo, da duwatsunta. Ku hau da sassafe kafin dutse ya ɗauki zafi, ku tafi da ƙannenku, mai ƙarfi ya miƙa wa na baya hannu. In kun kai sama ku zauna ku huta, ku dubi ƙasar da kuka saba takawa, inda ruwa ya taɓa kore shar, inda bai kai ba ta bushe ƙayau, sai kuka da ba ganye. Kuma ku tuna mu ma na sama ne ga wasu. Ruwan da ya wuce mu yana haɗuwa da na Challawa, ya bi ta Wudil da Ringim da Haɗeja har fadamun Nguru. Tun da aka gina Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da masunta da manoman can suke dogaro da ita ta ragu. Ruwan da ka bari yana malala a kan hanya dare guda saboda ka tafi gidan kallon ƙwallo, rabon wani ne ka zubar.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai. Ba baƙon labari ba ne a yankin nan a ji kanal ya ci yaro. Gefen babban kanal siminti ne mai santsi, ba inda hannu zai kama, ruwan kuma ya fi yadda ido yake gani ja. Kusa da ƙofar ruwa ko kwalbati, in ya ja mutum ƙasa sai dai wani ikon Allah. Hana yaro zuwa ruwa a zafin Afrilu abu ne mai wuya, duk mun sani. Saboda haka ku da kuka iya iyo ku koya wa ƙannenku a wuri marar zurfi, babba na tsaye a kansu. Ku nuna musu wuraren da ba a shiga ko da wasa. In wani ya faɗa, a miƙa masa gora ko igiya, a jefa masa jarka, kada wanda bai ƙware ba ya bi shi, a rasa biyu.

Ga kuma tsargiya. Har yanzu akwai gidajen da in yaro na fitsarin jini sai a ce girma ne ya zo masa. Ciwo ne, kuma daga ruwa ake ɗaukarsa. Ƙwan tsutsar yana fita a fitsarin mai ciwon, in ya shiga ruwa ya ƙyanƙyashe ya shige jikin ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin kanal, daga nan ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. In aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara, har ta taɓa ƙoda. Maganinta yana nan, ana ce masa praziquantel, akan raba shi a makarantu, ana kuma samu a asibiti. Hanyar yanke ta kuwa a hannunku take: kada a yi fitsari ko bayan gida a ruwa, kuma a cire ciyawar da katantanwar ke zama. Kun ga gayyar yashe kanal ta sake biyan wata bukata, sai dai mai hali ya sa dogon takalmin roba kafin ya shiga laka. Wanda ya gama feshi kuma, don Allah kada ya wanke tankinsa a kanal. Ƙasa kaɗan wata na wanke-wanke, wani na shayar da shanu, wani ma alwala yake yi.

Sai maganar fili. Ƙasa ta yi tsada a yankin nan, inda ruwa zai kai an nome, inda ba zai kai ba an yanka fuloti. Garin da ya rasa filin wasa samarinsa ba za su daina taruwa ba, sai dai su koma kango da lungu, inda ake miƙa wa juna ƙwaya. Kun san waɗanda suka fara shan tiramadol don su iya yinin dashe ko bugun shinkafa, yau ba sa iya tashi sai da ita. Ku tafi wurin mai unguwa ko dagaci da ladabi, ku sa dattijo ɗaya ko biyu a gaba, ku ce, "Ranka ya daɗe, filin nan na bayan makaranta muke roƙo a bar wa yaran gari." In an amince a rubuta, a sa hannu, ku dasa darbejiya da mangwaro a kewayensa tun da ga ruwa kusa. Lokaci ma sai kun yanka shi da kanku, don rani ba zai sake kawo muku shi a kyauta ba. Ku buga ƙwallo, ba laifi, amma ku bar wa kokawa da langa yammacin Juma'a. Tsofaffin 'yan kokawa suna nan da ransu a garuruwanmu, wani na gadi, wani na sayar da rake. Ku kira su su yi muku alƙalanci, za ku sha mamakin abin da suka sani.

Ƙannena mata, ban manta da ku ba. Shinkafar da ake taƙama da ita a Kura, yawancinta ta hannun mata take bi kafin ta je inji: a jiƙa shanshera, a turara, a shanya, a juya, hayaƙi a ido zafi a baya. Ku ne kuma a shiƙa da tsinkar tumatir. Amma dandalin da iyayenku suka yi gaɗa a cikinsa ya ɓace, abin da ya rage wa da yawanku a waje shi ne talla a bakin titin Zariya, tsakanin manyan motoci. Wannan bai dace ba, kuma samari su ji da kyau: in an sami fili a ware wa 'yan mata lokacinsu, da wata uwa a kusa, ba mai zuwa ya tsaya musu a ka. Ku ma ku riƙe junanku, a adashi, a Islamiyya, a zuwa barka da gaisuwa. Zumunta a ƙafa take. Yarinyar da ta tashi da ƙawaye na gaskiya, ranar da aure ya kai ta wani gari, ko ya yi mata ɗaci, tana da waɗanda za su taka su je.

Akwai mutum biyu da nake so ku matsa wa a tabarmar majalisarku. Ɗaya shi ne ɗan ƙwadagon da ya zo daga Jigawa ko Katsina ko Nijar, yake kwana a rumfar kasuwa. Kakan wani daga cikinku ya taɓa zama haka a wani gari. Ku kira shi cin tuwo, ku sa shi a ƙwallo, ku biya shi haƙƙinsa ranar da ya yi aikin. Ɗayan kuwa makiyayi ne. Da aka shata gonakin ban-ruwa, burtali da mashaya da dama sun shige cikin gona, noman rani kuma ya hana shanu karan da suka saba ci bayan girbi. Saniya ta faɗa cikin albasa ɓarna ce ta gaske, ba na raina ta. Amma sau da yawa faɗan da ke kai wa ga jini tsakanin yara yake farawa, ɗan manomi da ɗan makiyayi, waɗanda ba su taɓa zama wuri ɗaya ba balle su san sunan juna. Ku san arɗon rugar da ke kusa da ku, ku san samarinsa, ku gayyace su kallon kokawa. In kun gama bugun shinkafa ku aika musu su zo su kwashi ciyawarta kafin a cinna mata wuta, su kuma su bar muku taki. Sannan ku kai maganar gaban ƙungiyar ruwa da dagaci, tare da arɗo, a ware inda shanu za su riƙa sha ba tare da sun rusa gefen kanal ba, a kafa alama a wurin, a yi shela a masallacin Juma'a da ranar kasuwa.